Warin Fenti a Ɗakin Bakwaini

Litinin, da hantsi

Likita ce ta ce in riƙa rubutu, wai yana sauke hawan jini. 'Yata ce ta fari, ni na koya mata riƙe alƙalami, yanzu ita ke ba ni umarni kamar wani masinjanta. To, ga ni ina rubutu. Na tsufa ina rubutu a gefen fayil ɗin gwamnati: a duba, a sake dubawa, a ajiye tukuna. Na yi babban sakatare, na yi minista, na yi jakada har sanyin ƙasar mutane ya cinye mini gwiwa. Abin da ke raina ne kawai ban taɓa rubutawa ba, don babu gurbinsa a fayil.

Da na yi ritaya sai wata gidauniya ta ƙasar waje ta ɗauke ni shugaban amintattunta a nan. Aikin ba wuya: ka sa riga mai kyau, ka yanka zirin ƙyalle, ka yi murmushi a hoto. Gidauniyar ce ke riƙe da ɗakin bakwaini na babban asibiti. Ita ke zuba man janareto, ita ke cika tukwanen iskar numfashi, ita ke turo mai gyaran kwalaben da ake kwantar da jariran. Likita ce shugabar ɗakin.

Ɗazu Wakiliyar Gidauniya ta kira ni daga can. Ta ce daga ƙarshen wata za su janye hannu. Na tambaye ta laifinmu. Ta ce babu laifi, barka ma za ta yi mini: rahoton ziyararta ya nuna mun tsaya da ƙafafunmu, za a karkata taimakon ga waɗanda suka fi mu bukata.

Na yi mata godiya. Bakina ne ya yi, ni ban sa shi ba.

Talata, bayan azahar

Ziyarar nan ta watan jiya ce ke ta dawo mini.

Tun ina ƙaramin jami'i, kafin a koya mini yadda ake rubuta wasiƙa, an koya mini cewa in babba zai zo sai a yi fenti. Mun yi wa bango fenti, mun yi wa duwatsun bakin hanya, har gindin itatuwa mun shafa wa fari. Na taɓa ganin an yi wa motar asibiti fenti alhali ba ta da inji. Ba ƙarya muke kiransa ba, girmama baƙo muke ce masa.

Saboda haka da aka ce Wakiliya za ta zo duba ɗakin bakwaini, ma'aikatar lafiya ta yi abin da ta iya. Aka aro sabon janareto daga gidan saukar baƙi na gwamnati. Aka aro kwalabe masu ƙyalli daga wani asibitin kuɗi. Aka kwaso 'yan makarantar jinya aka sa musu fararen kaya suka cika ɗakin. Iyayen da ke kwana a ƙasa a baranda aka kai su bayan ɗakin wanki da tabarminsu. Likita ta yi faɗa har muryarta ta dishe. Ni na ja ta gefe na ce ta kwantar da hankali, kwana ɗaya ne. Ni kuma na zaga da Wakiliya ina nuna mata kaya da kan sandata.

Kakarmu tana da wani labari da take ba mu in an gama cin abinci. Wai wani mutum yunwa ta dame shi, ya ce bari ya je ya roƙi attajiri. Sai kunya ta kama shi, ya ari riga wajen maƙwabci, ya ari takalmi, ya ari turare. Da ya isa, attajiri ya tashi tsaye, ya ba shi kujera, ya ce, "Madalla da zuwanka, dama ina neman wanda zai taimaka mini da ciyar da mabarata." A lokacin muna ta dariya har da faɗuwa. Kaka ba ta yi dariya ba, goronta kawai take gogawa.

Laraba, da safe

Ban faɗa wa Likita ba tukuna.

Alhamis, da yamma

Na je wurin Minista. Ni na ɗauke shi aiki yana saurayi, lokacin takalminsa ɗaya, kuma na hagu yana dariya. Yanzu sai da na zauna a ɗakin jira har shayin da aka kawo mini ya yi fata a sama.

Ya fito da hannu biyu. "Baba! Da ka aiko ai ni zan zo."

Na ce, "Na aiko sau da yawa, ranka ya daɗe, 'yan aiken ne ba sa dawowa."

Ya yi dariya, ya durƙusa rabi, irin durƙuson da ba ya ɓata guga. Na gaya masa abin da ke tafe da ni. Ashe ya riga ya sani, har ya sa an tsara biki. Wai mu ne na farko a wannan yanki da Gidauniya ta yaye, abin alfahari ne, kuma ga zaɓe na zuwa.

Na ce, "Yayen da aka yi wa yaro ba a tanadi kunu ba fa?"

Ya ce, "Baba, ana kan duba lamarin."

Na kalle shi. Ni na koya masa wannan jumlar, har da inda ake ɗan sauke murya. Ya iya ta fiye da ni.

Asabar, da rana

Na je asibiti ba tare da direba ba. Fentin watan jiya ya fara ɓarewa daga ƙasa, inda ruwan goge ƙasa ke taɓawa. Tsohon janareto yana tari a bayan ɗaki kamar ni da asuba. Iyaye sun dawo baranda da tabarminsu da kwanukansu. Wata ta matsa mini in wuce, ta ce, "Sannu Baba, naka jikan wanne ne?" Na ce duka. Ta ce, "Allah ya ba ka ƙarfin suna."

Likita ta riga ta ji, daga bakin mai kawo iska. Ta same ni a ƙofa tana cire safar hannu.

"Baba, tun yaushe ka sani?"

"Tun Litinin."

"Yau Asabar."

"Ina neman yadda zan faɗa ne."

"Ka rubuto mini a gefen fayil mana."

Halin uwarta ne, sai dai uwar tana bari ka zauna tukuna.

Ta sa na wanke hannu, ta shiga da ni. A kwalbar da ke kusa da taga akwai wani ɗan mitsitsi, duk jikinsa bai wuce tafin hannuna da ɗan ƙari ba. Fatarsa kamar takardar da ta sha ruwa. An sa masa robar iska a hanci, shi kuwa ya dunƙule hannu yana ta ƙoƙarin fizge ta. Nas ta mayar, ya sake fizgewa. Na ce, "Wannan ai ɗan adawa ne, duk abin da gwamnati ta kawo sai ya ƙi." Nas-nas suka kwashe da dariya, sunan ya bi shi. Uwarsa tela ce, tana can ɗakin mata da zazzaɓi tun haihuwa, ba ta ma ɗauke shi ba. Uban yana tuƙin babbar mota, waya ba ta samunsa.

Likita ba ta yi dariya ba. Ta ce irinsa in ya samu ɗumi da iska na wasu makonni, sai ka gan shi yana gudu a tsakar gida. In bai samu ba... Ba ta ƙarasa maganar ba, ta juya tana gyara wata waya da ba ta lalace ba.

Lahadi, bayan la'asar

Tsohuwa, uwar Likita, ta ajiye mini abinci ta zauna tana kallona.

"Baban Likita, ka ci ko in ba kaji."

Na ce ba na jin yunwa. Ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa ganin taron da ya hana ni cin abinci ba, har ranar da aka sauke mu daga mulki na nemi ƙari. Na ce ranar ni kaɗai aka sauke.

Ta ƙara turo mini kwanon. Can ta ce, "Ka kira matar nan ka ce ta dawo ta gani da idonta. Ba kai ne mai bakin da ke sa bature ya sa hannu yana godiya ba? Ko bakin ma ya yi ritaya?"

Talata, da hantsi

Na kira Wakiliya. Na yi mata magana irin ta da, a hankali, ina zagayawa har ta gaji ta tambaye ni abin da nake so. Na ce ta dawo ta kalli ɗakin ranar da ba a san da zuwanta ba. Ta ce tana da hanya ta maƙwabciyar ƙasa mako mai zuwa, za ta iya ratsowa na yini ɗaya. In ta ga abin da ya saɓa wa rahotonta, tana da ikon neman a ɗage janyewar. Wannan ce dama ta ƙarshe, daga nan an rufe maganar.

Na kai wa Likita labari da kaina. Ta rungume ni a gaban nas-nas, abin da ba ta yi ba tun tana firamare. Sannan ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, don Allah, don girman Allah, kada ka faɗa wa kowa. Ni zan ɗauko ta a filin jirgi da motata."

Na ce, "Ni yaro ne?"

Ɗan Adawa ya ƙara nauyi kaɗan. Na ga yana hamma.

Laraba, da yamma

Ban faɗa wa kowa ba.

Alhamis, da safe

Ban faɗa wa kowa ba. Amma abin yana cizona.

Baƙuwa daga ƙasar waje, mai wakiltar babbar ƙungiya, ta sauka a filin jirgi babu wanda ya tarbe ta, ta bi layi da jakarta, wani ɗan sanda ya tsare ta yana tambayarta adireshi. In wani abu ya same ta fa? Wa za a tambaya? Ƙa'idar cewa ba a shigo da irin wannan baƙo sai an sanar da ofishin tarba, ni na rubuta ta da hannuna ina babban sakatare. Na hukunta mutane a kanta.

Alhamis, bayan azahar

Waya ɗaya ce kawai. Daraktan ofishin tarba yarona ne, na halarci ɗaurin aurensa. Na ce masa ba ziyarar aiki ba ce, a buɗe mata ƙofar manya kawai ta wuce, kada ya rubuta, kada ya kai sama. Ya ce, "Baba, ai an gama. Ko matata ba za ta ji ba."

Wannan ba faɗa wa kowa ba ne. Ladabi ne.

Juma'a, da yamma

Na ci abinci sosai yau. Tsohuwa ta ce ko dai an mayar da ni minista ne.

Litinin, bayan la'asar

Tun daga ƙofar asibiti na ji warin.

An share harabar. An shafa wa gindin itatuwa fari, bai ma bushe ba, har ya taɓa mini riga. Baranda fayau, babu tabarma ko ɗaya. A bayan ɗaki wani janareto ne ke gurnani a hankali, mai lafiya, ba namu ba. Likita ta fita filin jirgi tun da sassafe, ta tarar motocin gwamnati sun riga sun ɗauke baƙuwarta daga gindin jirgi. Kafin ta juyo, motar kaya ta sauke kwalabe masu ƙyalli, 'yan makarantar jinya sun jeru, Minista yana tsaye a bakin ƙofa da furanni.

Ya raɗa mini, "Baba, kai ma da ɓoye-ɓoye. Da ba mu ji ba ai da mun sha kunya."

Aka zaga. Aka ɗauki hoto. Wata 'yar makaranta ta riƙe tukunyar iska tana murmushi, ba ta san inda ake murɗawa ba.

Da na samu Wakiliya ita kaɗai wajen famfon wanke hannu, na ajiye duk wani zagaye. Na ce mata janareton na aro ne, kwalaben na aro ne, yaran nan ɗalibai ne, iyayen suna bayan ɗakin wanki, ta zo in kai ta. Mace ce doguwa mai furfura, da gorar ruwa kullum a hannu. Ta daɗe tana murza hannunta a ƙarƙashin famfo.

Ta ce ta ji warin fenti, tana da hanci. Ta ce amma in tsaya in ji. In ta rubuta cewa gwamnatinmu ta shirya mata wasan kwaikwayo sau biyu, dokar Gidauniya ita ce a dakatar da komai a ƙasar sai an yi bincike: rigakafi, maganin masu ciki, rijiyoyi, duka. Binciken kuma ba ya ƙarewa da wuri. In ta rubuta abin da idonta ya gani, ɗaki ɗaya ne zai tafi.

"Kai ka daɗe a wannan aiki," in ji ta. "Wanne zan rubuta?"

Na buɗe baki. Duk tarukan da na yi a duniya, ban taɓa rasa amsa ba. Famfo yana ta zuba. Ita ta kashe shi.

Likita tana tsaye a bayanmu, ban san tun yaushe ba. Ba ta tambaye ni wa ya faɗa ba.

Talata, da safe

Likita ba ta kira ba.

Laraba, da rana

Motar kaya ta zo ta kwashe kayan aro. Nas ce ta gaya mini a waya. Sai da aka ciro jarirai daga sababbin kwalabe aka mayar da su tsofaffi, masu motar suna tsaye suna duba agogo.

Tsohuwa ta tambaye ni sau ɗaya, "Kai ne?" Na ce waya ɗaya ce. Ta ɗauke kwanon da ke gabana, ko da yake ban gama ba.

Asabar, da yamma

Na yi yawon gidajen tsofaffin abokai. Wanda muka yi minista tare jikinsa ya shanye, ba ya gane mutane, ya ce in gaida mahaifina. Wani ya ba ni shayi da labarin ciwon bayansa. Mai gidan man da na taɓa taimaka wa ya yi alkawarin jarkoki, ya aiko da rabi, na gode masa da gaske. Mai kawo iska ya ce zai ƙara mako ɗaya don darajar Likita, ba don tawa ba. Haka ya faɗa, kuma ban ga laifinsa ba.

An kawo katin gayyatar bikin yaye. Da ruwan zinariya. Ni ne babban baƙo mai jawabi.

Talata, da safe

Wata ya ƙare. Likita ba ta kira ba.

Alhamis, da hantsi

An fara sallamar waɗanda suka ɗan yi ƙwari. Masu hali sun kwashe nasu zuwa asibitin kuɗi. Saura waɗanda ba su da inda za su. Ɗan Adawa yana cikinsu. Uwarsa har yanzu ba ta tashi ba.

Kwalbar da ke kusa da ƙofa babu kowa a ciki yau. Nas ba ta ce an sallami jaririn da ke ciki ba, ni kuma ban tambaya ba.

Asabar, bayan magariba

Da azahar aka ɗauke wuta a duk unguwar asibiti. Tsohon janareto ya yi tari ya tsaya, babu mai, babu mai gyara. Ina kishingiɗe waya ta yi ƙara. Likita.

"Baba, kana gida?"

"Ina gida, uwata."

"Ka zo. Ka sa riga mai maɓalli."

Ta kashe wayar.

Na tarar da ɗakin ya yi tsit, babu ƙarar na'ura ko ɗaya. Ban taɓa sanin yawan ƙarar da ke ciki ba sai da ta tafi. Ga hadari ya haɗo, iska mai sanyi tana shigowa ta tagar da ba ta rufuwa. An fito da jariran daga kwalabe, kowace uwa ta kwantar da nata a ƙirji, fata da fata, an ɗaure da zane. Wanda uwarsa ba ta kusa, inna ko kaka ta karɓa. Nas-nas hannunsu a cike, suna zagayawa da 'yar iskar da ta rage, wannan ya shaƙa, a kai wa wancan.

Likita ta nuna mini kujerar roba. "Buɗe rigar."

Na buɗe. Ta ɗora mini Ɗan Adawa a ƙirji, ta naɗe mu da tawul ta ɗaure a bayana. Ta ce kada in yi motsi, kada in yi magana da ƙarfi, kada in yi barci.

Wata tsohuwa a kujerar kusa, ita ma da jikanta a ƙirji, ta leƙo ta ce, "Malam, Allah ya sa dai kana da nono." Matan suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na ce, "Hajiya, an yi mini alkawarinsa a kasafin baɗi." Ba ta gane ba, amma ta yi dariya don ladabi.

Ba shi da nauyi ko kaɗan. Kamar ka ɗora wasiƙa a ƙirji. Amma ina jin zuciyarsa, da sauri-sauri, da 'yan farcensa suna kartar gashin ƙirjina. Na yi masa labari a hankali, irin na Kaka, na ƙirƙiro wani na wani ɗan tsuntsu da ya ƙi sauka daga reshe ko da sarki ya aiko. Ban san ƙarshen labarin ba, na yi ta ja.

Waya tana ta rawa a aljihuna. Daga baya na ga ofishin Minista ne, suna son sanin tsawon jawabina.

Ruwa ya sauko. Ƙafata ta mutu, bayana ya ƙage, ban motsa ba. Likita tana zuwa ta sa yatsu biyu a bayansa, ta kawo masa iska, ta wuce. Da la'asar ta zo da tukunyar, ta murɗa, ta sake murɗawa, ta kara a kuncinta, babu abin da ke fitowa. Ta ajiye ta a ƙasa a hankali. Ta tsuguna a gabana ta ɗora hannunta a kan nawa, a kan tawul ɗin, muka zauna haka. Ta ce, "Ci gaba da labarin, Baba." Na ci gaba.

Gab da magariba aka kawo wuta. Na'urori suka farka gaba ɗaya, fitilun kwalabe suka kama, mata suna ta hamdala. Nas-nas suka shiga kwance zannuwa suna mayar da jarirai.

Likita ta kwance tawul ɗin da kanta. Ta ɗauke shi daga ƙirjina da hannu biyu, ta lulluɓe shi har fuska. Kwalbarsa tana nan kusa da taga, a kunne. Ba can ta nufa da shi ba.

Da ta dawo ta same ni yadda ta bar ni. Ta ce, "Baba, sa rigarka." Na kama maɓalli, yatsuna suka ƙi. Ita ta ɓalla mini su ɗaya bayan ɗaya, har wuya.

Lahadi, da safe

Tsohuwa ta kai mini ruwan wanka sau biyu, yana hucewa. Ta tsaya a ƙofa ta ce, "Baban Likita, ruwa." Na ce ta bar shi tukuna.